Ƙofar Gidan Kaso Ɗaya Ce, Masu Shiga Iri-Iri Ne

Jama'ar Maraɗi da ta Tibiri da ta Jiratawa,

Idan an ce ɗan kaso, mukan hango ƙaton ɓarawo. Amma waɗanda shari'a ke tsarewa sun haɗa da yaron da ya ɗauki wayar wani a kasuwa, da mace mai goyo, da mai taɓin hankali, da manomi ko makiyayin da rikicin gona ya kawo, da kuma wanda alƙali bai ko saurare shi ba tukuna. Tara su wuri guda da yi musu magani guda ba adalci ba ne.

Mu fara da yaro. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, ta kafa kotunan yara a 1999, ta sabunta dokarsu a 2014. A Dakoro, cikin jiharmu, aka kafa cibiyar gyaran tarbiyyar matasan da suka saɓa wa doka. Hikimar a fili take: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya kwana ɗaki ɗaya da riƙaƙƙen ɗan fashi, makarantar fashi aka sa shi.

Mace kuwa tana bukatar sashenta, da mata masu tsaro, da ungozoma in tana da juna biyu. Ƙa'idojin Bankok na 2010 sun nemi a fifita hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da mai ƙananan yara, muddin laifin bai yi muni ba.

Mai jiran shari'a lauya yake bukata. Don talaka irinsa aka yi dokar 2011 da ta kafa hukumar ba da agajin shari'a. Kowane jinkiri cunkoso yake ƙarawa, kuma mun san ƙarshen cunkoso: fursunoni 29 suka mutu a gidan kason Yamai a 1999.

Saboda haka muna kira da a raba yara da manya, a kai marar lafiya likita, a koya wa ɗaurarre sana'a. Rikicin gona kuma a sasanta shi a fadar Sarkin Gobir ko ta Sarkin Katsina tun bai kai ga jini ba. Wanda aka ɗaure yau, gobe unguwarmu zai dawo, kuma abin da aka koya masa can shi zai kawo mana.

Allah ya ba mu alƙalai masu adalci.