Kada ku jira sai ciwo ya ci ƙarfin yaro

Ga jawabin da wani malamin asibiti ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Magarya da Dungas, ana gab da faɗuwar damina.



Kowa ya san lokacin da yara suka fi mutuwa a ƙasar nan. Daga watan Yuli ne zuwa Oktoba. A lokacin rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga sauro ya yi yawa. Yaron da bai ƙoshi ba, masassara tana saurin kayar da shi. Yaron da masassara ta kama kuma ba ya cin abinci, sai tamowa ta shige shi. Cuta biyu ke nan, kowace tana taimakon ƴar'uwarta.

Abin da aka yi

A shekarar 2005, shekarar yunwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magarya tare da ma'aikatar kiwon lafiya. A 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka ma awon mata masu ciki. A 2011 aka cire Dungas daga Magarya, ta zama gunduma mai kanta. A 2013 aka fara raba maganin rigakafin masassara na damina. A 2016 aka buɗe wurin kwantar da yara mai gado 200 a Dungas, don lokacin da ciwo ya yi yawa.

Duk da haka, a daminar 2018 yara fiye da 700 suka kwanta lokaci guda a asibitin Magarya. An yi wata guda ana rasa yara kamar 10 kowace rana. Da yawa daga cikinsu an kawo su ne bayan ciwo ya yi nisa.

Ina matsalar take?

Ta farko, hanya. Mutumin karkarar Malawa ko Gushi ko Dogo-Dogo yana nesa da babban asibiti. In ruwa ya yanke hanya, amalanke sai ta wuni ba ta isa ba.

Ta biyu, magani. Kyautar da aka ce, gwamnati ce ke biyan kuɗinta daga baya. In biyan ya yi jinkiri, magani yakan ƙare a gidan likita, sai a rubuta wa uba takarda ya saya.

Ta uku, jini. Masassara tana shanye jinin yaro. Jini kuwa ba a ƙera shi, sai mutum ya bayar.

Ta huɗu tana cikin gidajenmu. Yaro ya kwana uku da zafin jiki, uwa tana jiran izinin maigida, maigida yana gona ko ya tafi ci-rani. A sayi ƙwaya wajen mai talla, a kai wa wanzami ya cire beli. Sai yaro ya fara suma a ɗauko shi.

Aikinku

1. Maigida, ka ba da izini tun yau. Ka ce wa matarka: in jikin yaro ya yi zafi, ta kai shi gidan likita, ko kana nan ko ba ka nan. Ka ajiye ɗan kuɗin hanya.

2. Zafin jiki, a je ran nan ko kashegari. Ana ɗiban ɗigon jini a yatsa, cikin minti 20 a san ko masassarar sauro ce.

3. Maganin rigakafi na yara ne daga wata 3 zuwa shekara 5. Ana ba da shi wata-wata cikin damina, kwana 3 a jere. Rana ta farko mai rabo ke ba yaro. Rana ta 2 da ta 3 aikin uwa ne. Kada a raba shi da wani yaro, kada a ɓoye shi.

4. Uwa, ki koyi awon damtse da ɗan zaren nan mai launi uku. Kore, lafiya. Rawaya, a je a duba. Ja, a tafi yau. In ƙafafu biyu sun kumbura, shi ma a tafi yau.

5. Abincin tamowa da ake bayarwa cikin leda magani ne. Na mai ciwo ne shi kaɗai. Ba na kasuwa ba ne.

6. Yara da masu ciki su kwana cikin sange kowane dare.

7. Suma, ko fizge-fizge, ko yawan amai, ko ƙin nono, ko tafin hannu ya yi fari: wannan ba ya jiran safiya.

8. Maza masu lafiya, in an nemi jini ku bayar. Jiki yana mayar da shi.

Ku da kuka iya karatu, kun fi kowa nauyi. Ku karanta wa maƙwabta karnen yaransu. Ku duba musu ranar komawa da ranar allura. Ku rubuta sunayen yaran unguwa, kada masu rabon magani su tsallake gida ko ɗaya. In an ce babu magani, ku sanar da kwamitin lafiya na garinku da maigari.

Likita ba ya iya warkar da yaron da ba a kawo masa ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya. Amin.