Gyambon Baki: Wanda Ake Lallaɓawa da Wanda Ake Garzayawa da Shi Asibiti



Maganarmu ta yau a kan ciwon da da wuya a sami wanda bai taɓa fama da shi ba a wannan zaure: ɗan mikin nan da ke fitowa a cikin kunci, ko bayan leɓe, ko gefen harshe, tsakiyarsa fari ko rawaya, kewayensa ja. Sau da yawa bai kai ƙwayar wake ba, amma yakan hana magidanci cin tuwo, ya hana malami karantarwa, ya sa yaro ya ƙi abinci. Saƙona guda ne: yawancin gyambon baki lallaɓawa yake so, amma wajibi ne a riƙa ƙirga kwanakinsa.

Irin wanda aka fi gani ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wani daga cizon kunci yake samo shi, wani daga karyayyen haƙori mai kaifi, ko buroshi mai tauri, ko shayi mai tsananin zafi. Damuwa da rashin barci suna tayar da shi, shi ya sa ɗalibai ke yawan kuka da shi lokacin jarrabawa. Wanda nasa ke tafiya yana dawowa, a duba jininsa, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko folet, ko bitamin B12 na iya zama tushen matsalar.

To, yaya ake samun sauƙi? A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure baki a zubar, sau uku ko huɗu a yini. A ɗan yi hannun riga da barkono, yaji, tsamiya, lemun tsami da ƙosai ko ƙuli mai gautsi da ke goge mikin. A koma ga kunu ko koko da ya huce, da nono, da tuwo mai laushi, a kuma sha ruwa sosai. Kada zafi ya sa a daina wanke baki. A dai tausasa bakin asuwaki ko a nemi buroshi mai laushi. Farasitamol na rage raɗaɗi. A kemis akwai ruwan kurkure baki na chlorhexidine da ke hana ƙwayoyin cuta shiga mikin, da man shafawa na lidocaine mai kashe zafi na ɗan lokaci, kuma likita kan rubuta man triamcinolone idan abin ya tsananta. Ɗiga zuma na sanyaya wurin ga manya, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma ba.

Ina roƙonku da babbar murya: a daina ɗora ƙwayar asfirin a kan mikin, a daina goga masa kanwa ko toka. Ƙona naman baki suke yi, su mayar da ƙaramin miki babba. Haka kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ba ya warkar da irin wannan gyambo.

Yanzu ga inda nake so mu natsu. Duk babban da gyambonsa ya wuce mako uku bai warke ba, ya je asibiti ko wurin likitan haƙori, ko da ba ya masa zafi. Rashin zafin ma abin lura ne, domin sankarar baki takan fara a haka, musamman ga masu shan taba ko taunarta, da masu shan giya. Gyambo mai yawa tare da zazzaɓi, rama, ko farin abu da ya lulluɓe harshe, na iya nuna raunin garkuwar jiki, kamar yadda ake gani a ciwon suga ko cutar ƙanjamau.

Ga ƙananan yara kuwa, ba a jiran mako uku. Yaro ɗan shekara biyu zuwa shida mai fama da tamowa, wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, idan dasashinsa ya kumbura yana jini, bakinsa na wari, kuncinsa ya tasa, a kai shi asibiti a ranar. Haka cutar noma ke somawa, kuma cikin 'yan kwanaki takan zaizaye kunci da leɓe. In ba a yi magani ba, tana iya kashe tara cikin goma na yaran da ta kama, alhali in an gano ta da wuri, magani da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Wannan ciwo namu ne: tun 1999 akwai asibitin yara masu cutar noma a Sakkwato, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, a watan Disamba na 2023.

Saboda haka, iyaye mata, ku riƙa buɗe bakin 'ya'yanku kuna dubawa, musamman bayan rashin lafiya, ku kai su allurar rigakafin ƙyanda. Masu kemis, ku tambayi mai saye tun yaushe gyambon ya fito kafin ku miƙa masa magani. Malamai da limamai, ku isar da wannan ga waɗanda ba su sami zuwa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare mana zuriya.