Malam Sa'adu Zungur: Ɗan Gidan Malamai da Ciwon da Ya Katse Masa Hanzari

  

Ranar da masarauta ke ƙirga shekaru ɗari, sunayen sarakuna ake jerawa, kuma haka ya dace. Amma akwai wasu gidaje da ke tafe kafaɗa da kafaɗa da gidan sarauta, su ne gidajen malamai. Wannan jawabi zai ɗauko ɗaya daga cikinsu daga ƙasar Bauchi a Najeriya, domin abin da ya same shi ya sami gidaje da dama a bakin Kwara.

Malam Sa'adu Zungur ya fito daga zuriyar malamai da limamai ta Bauchi. A zauren gidansu ya fara karatun allo, ya sha Larabci da fiƙihu tun yana ƙarami. A zamanin da yawancin malamai ke ɗari-ɗari da boko, wannan gida ya bar ɗansa ya shiga. Ya yi Kwalejin Katsina, sa'an nan a 1934 ya wuce babbar kwalejin Yaba a Ikko, shi ne ɗan Arewa na farko da ya taka ta. Wanda ya san yadda iyaye a nan suka riƙa ɓoye ƴaƴansu kada a kai su lakwal, zai gane girman wannan shawara. Gida ya zuba ilmin kakanni a ƙirjin yaro ɗaya, ya ƙara masa na Nasara, yana jiran ranar girbi.

Koyarwa ya zaɓa. A Zariya ya karantar da masu koyon aikin lafiya, ya kuma tara matasa ƴan boko suna muhawara a kan al'amuran ƙasa. Sai ciwon huhu ya kama shi, shi da yake koya wa wasu hanyoyin tsare lafiya. Ya koma Bauchi da rauni a jiki, amma harshe da alƙalami ba su raunana ba. A can ya haɗu da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda ke koyarwa a makarantar Midil, aka kafa ƙungiyar neman ci gaban Bauchi. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC a Ikko. Waƙarsa, Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, nasiha ce ga sarakuna su yi adalci su rungumi ilmi, kuma ko da ta yi ɗaci a kunnen wasu, ba ta maƙiyin sarauta ba ce. Ya rasu a 1958, bai cika shekara 45 ba. A shekarar ne aka buɗe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, a ƙarshenta kuma aka kafa Jamhuriyar Nijar. Almajirinsa Aminu Kano ya rayu har 1983. Shi kuwa ko ƴancin Najeriya na 1960 bai gani ba.

A wancan zamani, cikin cututtukan ƙirji babu mai ɗibar matasa kamar tarin fuka. Cuta ce mai bin numfashi, mai son ɗaki marar taga da cunkoson masu kwana, wato irin ɗakunan almajirai da na ƴan makarantar kwana. Robert Koch, Bajamushe, ya gano ƙwayarta tun 1882, Faransawa biyu, Calmette da Guérin, suka kawo rigakafin BCG a 1921, amma magani mai warkarwa sai cikin shekarun 1940 da allurar streptomycin, sa'an nan ƙwayar isoniazid a 1952. Kafin su wadatu a wannan yanki, iyaye da yawa sun binne ɗan da suka sa rai zai dawo da alli a hannu. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ɓoye marar lafiya a ƙuryar ɗaki don gudun a ƙi auren ƴaƴan gidan, a nan kuwa cutar ke samun ƙanne da matan gida.

Yau ana warkewa. Wanda ya yi tari fiye da mako biyu, da ramewa da gumin dare, majinarsa ake aunawa a asibiti. Magani wata shida ne: iri huɗu a wata biyun farko, iri biyu a wata huɗun da suka rage, kuma kyauta ake ba da shi. Matsalar garin iyaka ita ce tafiya. Ɗan kasuwa ya fara sha a Gaya, ya ji sauƙi bayan ƴan makonni, ya haye Malanbil ko ya nufi Kamba da kaya, ya bar katinsa a gida. Ƙwayar da ba a ƙarasa kashewa ba tana iya dawowa ta ƙi jin magani, jinya ta ƙara tsawo da wahala. Mai unguwa da liman da malamin lakwal sun fi likita sanin wanda ya yi balaguro, da wanda tarinsa ke hana maƙwabta barci, kuma maganarsu ake ji a ƙofar gida.

Allah ya ji ƙan Malam Sa'adu da magabatan wannan gari.