Bayan an sallame shi, ina zai kwana?

 

Tambaya guda na zo da ita yau. Saurayi ya faɗa shan tramol, ko sholisho, ko wiwi. An kai shi likita, ko ya yi watanninsa a kaso, an sallame shi. To, daren farko ina zai kwana? Unguwar nan dai zai koma, fadar nan dai, abokan nan dai, mai saida ƙwayar kuma yana bakin tasha bai gusa ba. A gida, in ya shigo ana ɓoye kuɗi. Kafin wata ya kama ya koma ruwa, sai mu ce ba ya jin magana.

Iyaye da yawa, in abin ya fi ƙarfinsu, sai gidan mari. Ba na ganin laifin uwar da ta kai ɗanta, don ba ta ga wata ƙofa ba. Amma mu tuna Satumban 2019, da ƴan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa.

Akwai wata hanya da aka gwada. A 1975, a jihar Maryland ta Amurka, hukuma ta rufe wani gida da masu barin giya ke zaune. Mazan suka kama hayarsa da kansu. Nan aka samo tsarin Oxford House. Maza shida ko fiye suna zama tare, ba mai gadi, ba kwaɗo. Su ke zaɓen shugabansu, su ke ƙuri'ar karɓar sabon shiga. Kowa yana biyan kasonsa na haya. Wanda ya koma sha zai fita, wanda ya riƙe kansa ba a yanke masa ranar tashi. Jami'ar DePaul ta Chicago ta bi mutum 150 har shekara biyu: cikin mazauna irin gidan, kashi 31 cikin 100 suka koma sha, cikin sauran kuwa kashi 65.

Ku lura, gidan ba ya maye gurbin likita. Mai tramol sai an fara duba shi, don barinta kwatsam na iya kada mutum.

Ban ce abu ne mai sauƙi a Maraɗi ko Damagaram ba. Mai gida zai ƙi ba da haya, maƙwabta za su ce an kawo musu ɓarayi, wanda ba shi da aikin yi kuma ba zai iya biyan kaso ba. Shi ya sa muke roƙo. Mai unguwa da liman su tsaya wa gidan farko a gaban maƙwabta. Magajin gari ya taimaka da hayar watannin farko. Mai gareji, mai walda da mai kabu-kabu, kowa ya ɗauki mutum guda.

Waɗannan samarin ƴaƴanmu ne, kuma in sun fito wajenmu za su dawo. Allah Ya shirya mana su, Ya ba mu ikon riƙe su.