Rijiyar Unguwa Da Ruwan Ɗan Garuwa

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu na hatsi ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a nan Kontagora)





Ranar da sakatare ya same ni a rumfa ya ce wai ni ne zan yi magana a kan waya da na'ura mai ƙwaƙwalwa, sai da na yi dariya. Na ce masa, Malam, ni da karatuna bai wuce Islamiyya ba, bokon ma a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi, ga 'yan kwaleji cike da gari, me zan faɗa? Sai ya ce, "Alhaji, su sun san yadda ake latsawa, kai kuwa ka san yadda ake asara." To, a nan ya ɗaure ni. Saboda haka ku yi haƙuri da ni, abin da zan faɗa ra'ayi ne na mai auna hatsi, inda na yi kuskure masu ilmi su gyara.

Mu da muka zo garin nan muna yara, riƙe da jakar iyayenmu, mun san lokacin da in kana son aika saƙo gida Katsina ko Kano ko Sakkwato sai ka je tasha ka nemi direban da ka sani, ka ba shi wasiƙa da ɗan goro. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗauki maganarsa a kaset. In rasuwa aka yi a gida, wani lokaci sai bayan sadakar uku labari yake iso ka. A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, layi kaɗai sai ka ba da naira dubu ashirin ko fiye, a lokacin da dubu ashirin take jari. Yau ga shi yaron da ke tura baro yana da layi biyu. Ina zaune a nan ina jin farashin masara a Dawanau kafin in sayi buhu ɗaya. Wanda duk ya ce abin nan ba ni'ima ba ne, bai yi wa Allah godiya ba.

Amma fa akwai abin da na lura da shi, kuma shi ne kan maganata ta yau. Yawancin abin da muke taƙama da shi a cikin wayar nan ba namu ba ne. Ruwan ɗan garuwa ne. Ran da ya zo ka sha, ran da bai zo ba ka kwana da ƙishi, ran da ya ƙara kuɗi kuma ba ka da bakin magana.

Ku tuna farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya canja takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kuɗinka ne, guminka ne, amma ka wuni a layi ba ka samu ba. Aka ce a koma taransifa, sai sabis ya ƙi. Mutumin ƙauye ya kawo wake daga Rijau ko Mariga, ya ce shi tsaba yake so, kai kuma ba ka da ita. Muka riƙa sayen naira da naira a wurin masu POS. Ku tuna kuma ran 14 ga watan Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke can wajen gaɓar ƙasar Kwadebuwa, bankuna suka rikice a nan. Ina Kwadebuwa, ina Kontagora? Amma ciniki ya tsaya a rumfata. A farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. An tambaye ka? An tambaye ni?

Yanzu bari in ba ku nawa labarin. Wasu samari suka zo kasuwa suna tallar wata manhaja ta rubuta bashi. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Suka ce kyauta ce, ka jefar da tsohon littafinka, ita za ta riƙa tuna wa masu bashi da kanta. Na ji daɗi, na kwashe sunayen mutanen da nake bi, da waɗanda suke bi na, na zuba a ciki. Littafin kuwa yara suka yayyage suka ƙulla gyaɗa. Aka yi shekara guda da wani abu lafiya lau. Ran nan na buɗe, sai ta ce sai na biya kuɗin wata. Na biya. Bayan 'yan watanni ta daina buɗewa gaba ɗaya, lambar da suka bari kuma ba ta shiga. Wallahi jama'a, sai da na koma ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina cewa, don Allah nawa nake bin ka? Masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya. Sauran kuwa, mun bar wa Allah. Laifin wa? Nawa ne. Na ɗauki amanar dukiyata na sa a ɗakin da makullinsa yake hannun wani.

Ɗan ƙanena da ya yi karatu a Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta nan garin shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Baba, manhaja iri biyu ce. Akwai rufaffiya, akwai buɗaɗɗiya." Na ce yi mini bayani da Hausar kasuwa. Ya ce kowace manhaja da rubutu ake gina ta, umarni ne bayan umarni da aka jera wa na'ura. Rufaffiya ita ce wadda kamfani ya ɓoye rubutun, ya ba ka izinin amfani kawai, kamar mai maganin da ya ba ka ƙulli bai gaya maka saiwar da ke ciki ba. Buɗaɗɗiya kuwa ita ce wadda masu ita suka shimfiɗa rubutun a fili, suka rubuta izini cewa kowa ya duba, ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. In wanda ya fara ta ya gaji ko ya mutu, wani ya ɗauka ya ci gaba.

Na ce, yaro, ai wannan aikin gayya ne. Ya ce shi ne fa, Baba.

Ya ba ni tarihin. Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman shi ya fara kiran a yi irin wannan a 1983. Sannan a 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta abin da ake kira Linux, ya sake shi ga duniya, dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suka sa hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya ce duk mai riƙe da waya Android a wurin nan, ko Tecno ce ko Itel ko Samsung, to a kan Linux ɗin nan aka aza harsashinta. Ashe mun daɗe muna shan ruwan rijiyar ba mu san wanda ya haƙa ba. Nan take na tuna abin da malaminmu na Islamiyya ya karantar da mu game da rijiyar Ruma a Madina, wadda mai ita yake sayar da ruwanta, Sayyidina Usman ya saye ta ya bar wa jama'a. Ban ce waɗannan Turawa da niyyar lada suka yi ba, Allah ya san zuciyar kowa. Amma siffar aikin mun san ta tun kafin su.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo da na saya wa yara, tana ajiye tana shan ƙura. Masu gyara sun ce ta tsufa, ba za ta ɗauki sabuwar Windows ba, ita kuma Windows 10 kamfanin Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoba 2025 ta zama ƙarshen kulawar da yake ba ta kyauta. Yaron nan ya ɗauke ta ya sa mata Linux Mint, ya sa wata manhajar rubutu da lissafi mai suna LibreOffice, ko sisi ban biya ba sai kuɗin data da na shayinsa. Yanzu a nan lissafina yake. Duk ƙarshen wata ya kwafe mini a filashi guda biyu, ɗaya a gida ɗaya a rumfa, ya kuma buga mini a takarda. Na kuma sayi sabon littafi mai bango mai kauri. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Alhaji ya ce buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da aibu. Tana da shi. Na farko, ba ka da ofishin da za ka je ka yi musu faɗa, sai dai ka nemi yaron da ya iya, kuma waɗanda suka iya ba su da yawa a garin nan. Na biyu, rijiyar unguwa in ba a yashe ta ba, ƙazanta take tarawa. A 2014 an gano wata ɓaraka a wata buɗaɗɗiyar manhajar tsaro mai suna OpenSSL, wadda manyan kamfanonin duniya suke dogaro da ita, sai aka tarar mutane ƙalilan ne suke ɗawainiya da ita, kowa yana ɗiba ba mai kawo gudummawa. Halinmu ne sak, kowa ya zo da guga, ran yasa kuwa kowa yana da uzuri. Na uku, ba kome ne ake samun madadinsa ba. Manhajar bankinka rufaffiya ce, WhatsApp rufaffiya ce, kuma ni ma ban daina amfani da su ba, don a nan abokan cinikina suke.

Sai dai ku bambanta kyauta da kyauta. Kamfanin Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 19. Ku 'yan kasuwa ne. Akwai wanda zai zuba irin wannan jari don ya ga kuna gaisawa da surukanku? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Facebook da talla yake cin abinci, abin da yake sayar wa masu talla kuwa shi ne idonku da lokacinku da sanin abin da kuke so. Ban ce haramun ne ba, ciniki ne. Amma mutum ya san lokacin da yake cikin ciniki.

Abin da ya sa na karɓi maganar nan da gaske shi ne rasuwar wani abokinmu, Allah ya jiƙansa, da yawanku kun san wanda nake nufi. Mutum ne mai gaskiya, amma kome nasa yana cikin waya, wayar kuma a kulle da lambar da shi kaɗai ya sani. Aka zo rabon gado, malamai suka ce sai an fitar da bashi tukuna, haka shari'a ta ce. Wa yake bi? Wa ke bin sa? Ba wanda ya sani. Mutane suka riƙa zuwa da da'awa, ba shaida, ba takarda. Marayu suna kallo, matansa suna kuka, shi kuma yana kwance da nauyin da ba a san adadinsa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutun da ba mai iya karantawa bayan ranka, anya ya cika wannan umarni? Wannan tambaya na bar wa malamanmu.

Saboda haka ga roƙona, abu biyar ne.

Na ɗaya, kowa ya koma wa littafinsa. Ka yi amfani da waya, amma bashi da ajiya da jarin wani da ke hannunka su kasance a takarda, kuma mutum guda amintacce a gidanka ya san inda take.

Na biyu, duk wanda ya zo maka da tallar manhaja, yi masa tambaya ɗaya: ran da na so tafiya, zan iya kwashe lissafina in fita da shi? In ya fara kame-kame, ka sallame shi da fatan alheri.

Na uku, lambar sirrinka da BVN da 'yan lambobin nan da ake turowa ta saƙo, makullin sitonka ne. Banki ba ya kira ya tambaye su. Kuma kada ka saki kaya don an nuna maka alat a wayar mai saye, duba naka asusun ka ga kuɗi sun zauna. Layin da ka haɗa da banki kada ka bar shi ya daɗe a mace, don kamfani yana iya sayar wa wani.

Na huɗu, ina roƙon shugabanni, a tattara tsofaffin kwamfutocin da ke gidajenmu, a ba samarinmu su farfaɗo da su da Linux, a ajiye biyu ko uku a ofishin ƙungiya. Rajistar membobi da lissafin asusun taimakon marayu su zauna a nan, a hannunmu. 'Ya'yanmu mata ma a ware musu ranarsu ta koyo.

Na biyar naku ne, samari. Rijiyar da kuke sha, ku ma ku yi yasa. Akwai Wikipedia ta Hausa, kowa yana iya rubutu a ciki. Akwai wani shiri na Mozilla mai suna Common Voice da ake ba da murya kyauta don na'ura ta koyi jin harsuna, da Hausa a ciki. Ku da kuke kwana kuna gardamar ƙwallo, ku rubuta tarihin garin nan na Umaru Nagwamatse, jikan Shehu, da yadda iyayenku suka zo, da sunayen hatsi da ma'auni da unguwanni, da ƙa da ɗa da ɓa ɗinsu daidai. Dattawan da suka san waɗannan abubuwa ga su nan zaune, kuma kullum raguwa suke yi.

Na ga sakatare yana duban agogo. Duk mai son ganin kwamfutar nan tawa, ya biyo rumfa bayan la'asar ran da ba kasuwa, yaron zai nuna masa, shayi kuma a wuyana.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, ya jiƙan magabatanmu, ya ba Mai Martaba Sarkin Sudan lafiya da tsawon rai, ya zaunar da garin nan da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini.