SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI: JAWABI A KAN KOYON ZANEN LAUNI

Jawabin wayar da kai da aka tsara domin jama'ar unguwar Liman Abaji ta garin Keffi, Jihar Nasarawa, da sauran jama'ar Nijeriya baki ɗaya.



Maƙasudin wannan jawabi shi ne jawo hankalin jama'a ga wata baiwa wadda Allah ya ajiye a hannun mutane da dama, amma sau da yawa mai ita yakan ƙare rayuwarsa bai san yana da ita ba. Baiwar ita ce zane da launi. In aka miƙa wa mutum buroshi da takarda sai ya noƙe, ya ce shi ko layi bai iya ja ba. In kuwa aka bincika, sai a tarar rabonsa da zane tun yana firamare, ran da aka yi wa hotonsa dariya. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ba Baƙon Abu Ba Ne

Kada wani ya zaci Turawa ne suka zo da zane. A duwatsun Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa, akwai hotunan shanu da mutanen da suka zana tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Malamin da ke ƙawata allon zayyana domin saukar Alƙur'ani, da maɗinkin da ke fitar da aska takwas a ƙirjin riga, da maginin da ke ɗora dagi a goshin zaure, da mai ƙunshin amarya, dukansu masu zane ne. Wanda ya tashi a cikin waɗannan abubuwa, idonsa ya riga ya san daidaito da dacewar launi. Abin da ya rage shi ne a saba wa hannu.

Waɗanda Suka Gwada

Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode cikin 1882, ba shi da malamin zane sa'ad da ya fara. Hotunan littattafai da jaridu ya dinga kwaikwaya har hannunsa ya faɗa. Sai cikin 1920, yana dab da shekara arba'in, ya tafi Ingila karatun zane. Da ya komo ya shiga koyar da yara a makarantun Ikko, ya kuma matsa wa gwamnatin wancan zamani har zane ya sami gindin zama cikin darussan makaranta. Ya rasu cikin 1963.

Cikin 1964 kuma, a garin Osogbo, wata Baturiya mai suna Georgina Beier ta tara samari, ta ba su fenti da takarda, ta bar kowa ya zana abin da ke ransa. Ba waɗanda suka yi karatun zane ba ne. Jimoh Buraimoh ma'aikacin lantarki ne a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Duro Ladipo, Muraina Oyelami makaɗi ne, Twins Seven-Seven kuwa ɗan rawa ne. Dukansu uku sun shahara, an baje kolin zanensu a Turai da Amurka. Da ba a miƙa musu buroshi ba, da wannan baiwa ta tafi a banza.

Yadda Za A Fara

Ba sai da kuɗi mai yawa ba. Gawayi ya isa fitar da siffa, bayan kwali ya isa wurin gwaji. Tawadar allo tana ba da baƙi, gangamau ruwan ɗorawa, karan dafi ja, shuni kuma shuɗi. In aka niƙa jar ƙasa ko farar ƙasa, aka tankaɗe, aka dama da ruwan ƙaro, za ta kama takarda. Wanda ya sami hali sai ya sayi fentin ruwa na 'yan makaranta da buroshi biyu, babba da ƙarami.

Launi uku ne iyayen saura, watau ja, da shuɗi, da ruwan ɗorawa. Shuɗi da ruwan ɗorawa suna haifar da kore, ja da ruwan ɗorawa ruwan lemo, ja da shuɗi kuwa shunayya. A fara shafa launi mai haske, a bari ya bushe, sa'an nan a ɗora mai duhu, domin a fentin ruwa duhu yana rufe haske amma haske ba ya rufe duhu.

A fara da abin da ke gaban ido, kamar tulu, ko faifai, ko mangwaro. A duba ta ina haske yake zuwa, ina inuwa ta faɗi. In hannu ya saba sai a fita waje. Ga Dutsen Maloney, ga rafin Antau, ga ƙofar fadar Sarkin Keffi. A rubuta kwanan wata a bayan kowane zane, kada a yaga ko da ya ɓaci. Bayan wata uku a jera na farko da na ƙarshe, mutum zai ga tafiyarsa da idonsa.

Wanda ba ya son zana abu mai rai saboda addini, filinsa yana da faɗi: zayyana, da rubutun Larabci mai ado, da itatuwa, da gine-gine, da sararin sama lokacin damina.

Kira Ga Iyaye Da Malamai

Yaron da ke zane a bango da gawayi, maimakon bulala a ba shi kwali. In ya kawo zanensa, a tambaye shi abin da ya zana, a yaba inda ya yi daidai kafin a nuna masa gyara. A bai wa 'ya'ya mata dama daidai da maza. Zane sana'a ce ta cin abinci: masu rubuta allon shaguna, da masu yi wa motoci ado, da masu zanen littattafan makaranta da na atamfa, duk da shi suke riƙe da iyali. Mai son zurfafa ilmi kuma, akwai sashen koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Saboda haka ana roƙon kowane mai gida a Liman Abaji da sauran unguwanni ya tanadi takarda da launi cikin makon nan, ya ba yaransa, shi ma ya gwada. Da koyo akan iya.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalam.