Ƙidayar Kwamfutocin Bitcoin da Matsayin Najeriya a Taswira

 

Tambayar da aka ɗora mini ita ce: kwamfutoci nawa ne ke riƙe da Bitcoin, kuma a ina suke? Tun da aka kunna wannan tsari a watan Janairun 2009, bai taɓa samun hedikwata ko rajista ba. Duk mai kwamfuta yana iya sauke manhajar, ya ajiye kwafin kundin ciniki gaba ɗaya, ya riƙa tantance kowace hada-hada da kansa. Irin wannan kwamfutar zan kira ta tasha. Da yake babu mai ɗaukar sunan tashoshi, sai dai a yi kiyasi.

Ga yadda ake yi. Kowace tasha tana ajiye adireshin wasu tashoshin da ta sani, kuma idan aka tambaye ta takan bayar, har guda 1,000 a amsa ɗaya. Mai ƙidaya yakan fara da 'yan adireshi kaɗan, ya ƙwanƙwasa, ya ce a ba shi waɗanda aka sani, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya iri ɗaya, har sabbin adireshi su daina fitowa. Kamar baƙon da ya shiga kasuwar Tudun Wada yana son sanin yawan 'yan hatsi, kowane ya samu sai ya ce ya nuna masa abokan sana'arsa. Shafin Bitnodes haka yake aiki, kuma a 'yan shekarun nan tashoshin da yake samu sun haura 10,000.

Sai dai wannan adadin na masu buɗe ƙofa ne kawai, wato waɗanda ke amsa kira, galibi ta mashiga mai lamba 8333. Akwai tashoshi da yawa da su ke kiran wasu amma ba a iya kiransu. Dalili ɗaya ya shafe mu kai-tsaye: kamfanonin waya sukan haɗa masu amfani da data da yawa a bayan adireshi guda, don haka ɗalibin da ya kunna tasha a Kongo ko Samaru da layin wayarsa, da wuya mai ƙidaya ya gan shi. Masu kiyasin da ke haɗawa da irin waɗannan, kamar Luke Dashjr, sukan samu adadin da ya ninka wancan.

Batun wuri ya fi wannan sarƙaƙiya. Ana gane ƙasa ne daga adireshin intanet, shi ya sa Amurka da Jamus suka daɗe a saman jeri. Amma da yawa daga cikin tashoshin da ke can injuna ne na haya a manyan rumbunan kwamfuta, irin na Amazon da Hetzner. Bazazzagin da ya yi hayar inji a Jamus, a taswira Bajamushe ne. Ga kuma kaso mai girma na tashoshin da ke bi ta Tor, wanda aikinsa ke nan ɓoye inda mutum yake.

Yanzu mu dawo gida. Kamfanin Chainalysis ya sanya Najeriya ta biyu a duniya, bayan Indiya, wajen karɓar kuɗin kirifto a 2023 da 2024. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da wannan harka, jama'a suka koma ciniki tsakaninsu, mai naira ya tura, mai kirifto ya saki, har aka sassauta dokar a Disamban 2023. Duk da wannan kasuwa, tashoshinmu a taswira ba su taka kara sun karya ba. Dalilin a fili yake. Kundin Bitcoin ya wuce gigabait 500, kuma tasha tana son wuta dare da rana da data mai yawa. Matashin da ke ciniki ta waya, kundin wani yake dogaro da shi.

Saboda haka taswirar tashoshi tana nuna inda wuta da intanet suke da arha ne, ba inda masu amfani suke ba. Wanda ya ɗauke ta a matsayin ƙidayar jama'a zai yi kuskure, haka ma wanda ya ɗauki yawan 'yan kasuwarmu ya ce muna da hannu a tsaron tsarin.

Shawarata ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli ita ce su kunna tasha mai buɗaɗɗiyar ƙofa a kan layin makaranta da wutar sola, su rubuta tasu manhajar ƙidayar, su auna abin da ke akwai a Afirka ta Yamma, su kuma bayyana a fili abin da awon nasu ba ya iya gani. Aikin kammala digiri ne mai kyau, kuma kayansa ba su fi ƙarfin sashe guda ba.